Tsofaffin Finafinan Mamayar Duniya Ba Abin Dariya Ba Ne

A hutun da ya wuce, ɗan yayata da yake aji biyu a jami'a ya zo ya yi kwana goma a gidana. Ya cika mini kunne da labarin sababbin finafinan da ake ruguza birane a cikinsu, don haka wani dare bayan sallar isha'i na ce bari in nuna masa kakansu. Na kunna masa The War of the Worlds na shekarar 1953 a kwamfutata. Ba mu kai rabi ba ya tsayar da fim ɗin, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, ya sa yatsa yana nuna mini siraran wayoyin da aka rataye jiragen halittun duniyar Mars da su, sannan ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kawu, yanzu wannan ne ya hana Turawa barci? Ai ko yaran unguwarmu ka ba su wayar salula za su haɗa maka wanda ya fi shi."

Dariyar ta ɓata mini rai fiye da yadda ya kamata, kuma na kwana ina neman dalili. Abin da na gano shi ne ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba. Yawancin masu kallo na yanzu, da zarar sun ga fim baƙi da fari, ko sun ga dodon da aka san mutum ne a cikin rigar roba, shi ke nan sun yanke hukunci tun kafin labari ya soma.

Matsayina a kan wannan shi ne, finafinan da aka yi a shekarun 1950 game da halittun wata duniya da suka zo mamaye tamu sun fi mafi yawan na yanzu sanin inda tsoro yake kwana a zuciyar ɗan Adam. Ban ce dukkansu ba. Akwai tarkace da yawa a cikinsu, waɗanda aka harhaɗa cikin 'yan kwanaki don a kwashi kuɗin samari. Amma guda biyar ko shida na kirki da ke cikinsu sun cancanci a zauna a kalle su da natsuwa, kuma wanda ya auna su da kyan hoto kawai ya yi cinikin doki ne yana kallon sirdi.

Kafin a shiga gardama, ya kamata a tuna halin da Amurka take ciki a lokacin. A watan Yunin 1947 wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa tara suna gudu a sama kusa da dutsen Rainier, jaridu suka raɗa musu sunan faranti mai tashi, daga nan kowa ya soma ganin nasa. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin nukiliya. A 1950 Sanata Joseph McCarthy ya fito yana cewa 'yan gurguzu sun cika ma'aikatar harkokin waje, kuma a shekarar ce yaƙin Koriya ya ɓarke. Mutum yana zaune a ƙasar da ta fi kowace ƙarfi, amma ana gaya masa mutuwa za ta iya saukowa daga sama cikin dare, kuma maƙwabcinsa zai iya zama ɗan leƙen asiri. A wannan gona aka shuka finafinan.

Maganar wayoyi da rigar roba

Zargi na farko shi ne na ɗan yayata, wato aikin bai yi kama da gaske ba. Akwai amsa ta fasaha: kwafin Technicolor, wato tsohon tsarin buga fim mai launi, da aka haska a silima a 1953 bai nuna wayoyin nan kamar yadda muke ganinsu ba, sai da aka riƙa sake buga fim ɗin a wasu nau'o'i masu haske da kaifi suka fito fili. Fim ɗin ma ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto. Sai dai ba na son in jingina da wannan amsa, domin ko da wayoyin sun fito tun ranar farko, ba su ne ma'aunin ba.

A cikin wannan fim akwai wasu mutum uku da aka bari su yi gadin abin da ya faɗo daga sama. Da murfinsa ya buɗe, sai suka ɗaura farin ƙyalle a sanda suka nufe shi suna murmushi, suna ganin za su shiga tarihi a matsayin waɗanda suka fara yi wa baƙi maraba. Abin da ya rage nasu shi ne shacin toka uku a ƙasa. Daga baya wani limamin coci ya tunkari jiragen shi kaɗai, Littafi a hannu yana karanta Zabura, shi ma aka ƙone shi nan take. Sojoji suka jefa bam ɗin nukiliya, hayaƙi ya washe, jiragen suka ci gaba da tafiyarsu kamar sauro ne ya cije su. Jerin nan ba a yi shi da ka ba. An bi abubuwan da Ba'amurke yake dogaro da su ɗaya bayan ɗaya, ladabi, da addini, da makami, an nuna masa babu wanda ya tsaya. Sannan da aka zo kwashe mutane daga Los Angeles, jama'ar gari da kansu suka far wa motocin masana kimiyya suka farfasa kayan aikin da ake sa ran za su ceci kowa. Wace waya ce za ta rage wa wannan nauyi?

Haka nan The Thing from Another World na 1951. Dodon, wanda James Arness ya fito a matsayinsa, idan aka tsayar da hoto aka ƙura masa ido, wani dogon mutum ne mai ƙaton goshi, babu wani abin a zo a gani. Masu fim ɗin sun san haka, shi ya sa suka hana mu ganinsa sosai. Abin da suka ba mu shi ne ƙarar na'urar auna tururin nukiliya tana ƙaruwa a hankali yayin da yake matsowa, da ƙofar da za a buɗe a tarar da shi tsaye daf da fuska. Wurin da ya fi tsaya mini a rai ma babu dodo a cikinsa: sojoji da masana sun tarar da wani abu binne a ƙarƙashin ƙanƙara a yankin arewacin duniya, suka ce kowa ya tsaya a gefen inda yake hango iyakarsa don a gane siffarsa, suka bazu suna miƙa hannuwa, sai suka ɗaga kai suka ga sun yi da'ira, wato faranti mai tashi ne a ƙarƙashinsu. Babu wanda ya ce uffan na ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa jin tatsuniyar dodo a bakin kakarsa cikin duhu ya san ba a taɓa zana masa dodon ba, kuma hakan bai hana shi ƙin fita fitsari ba.

Kawun da ba kawu ba

Washegari na sake gwada yaron da Invasion of the Body Snatchers na 1956, wanda Don Siegel ya ba da umarni, aka ɗauko daga littafin Jack Finney. Wannan ne fim ɗin da na fi son a yi gardamar a kansa, domin babu jirgi a cikinsa, babu makamin haske, babu ginin da ya rushe.

Wani likita, Miles Bennell, ya dawo ƙaramin garinsu na Santa Mira a jihar Kalifoniya, ya tarar da mutane suna ta nemansa da wani irin ƙorafi. Wani yaro yana gudun uwarsa, ya ce ba ita ba ce. Wata mata mai suna Wilma ta ce kawunta Ira, wanda ya rene ta, ba shi ba ne. Likita ya je ya ga Ira yana yankan ciyawa a ƙofar gida yana zuƙar lofe kamar kullum. Wilma ta yarda kamanninsa ne, muryarsa ce, ya tuna duk abin da ya kamata ya tuna. Abin da ya ɓace shi ne wani kallo da yake yi mata tun tana ƙarama. Likitan ƙwaƙwalwa na garin ya ce ruɗu ne da ya kama jama'a. Bayan kwana biyu masu ƙorafin suka dawo da kansu suna cewa sun warke, komai lafiya, a manta da maganar. A nan ne tsigar jikin mai hankali take tashi, domin ya gane warkewar ita ce cutar.

Asirin shi ne wasu irin tsirrai ne suka zo daga sararin samaniya, suna fitar da kwanso kamar na wake amma mai girman mutum. Ana ajiye kwanson kusa da kai, ya tsiro da gangar jiki irin taka sak, idan ka yi barci ya kwashe tunaninka, ka farka kai ne amma babu so, babu baƙin ciki, babu buri. Akwai inda aka nuna irin wannan jiki kwance a kan teburin wasan sunuka tun bai gama nuna ba: fuska sumul kamar kwabon da ba a gama buga masa hatimi ba, yatsu babu zane. Akwai kuma safiyar da likitan da masoyiyarsa Becky suke leƙe ta tagar ofis, suna kallon dandalin gari cike da mutanen da suka sani tun yarinta, manoma suna sauke kwanso daga manyan motoci, ɗan sanda yana kiran sunayen garuruwan maƙwabta, duk mai dangi a can yana zuwa ya karɓi rabonsa cikin tsari, babu hayaniya, kamar rabon takin zamani.

Yaron nan bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Da aka zo inda su biyun suke tafiya a titi suna ƙoƙarin daskarar da fuska don kada a gane su, kare ya gifta gaban mota Becky ta ƙwalla ƙara, sai na ji ya ce, "Kash!" Tausayin kare ne ya tona musu asiri. Da safe da na fito karin kumallo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kawu, kai ne kuwa?" Wasa yake yi, amma na lura bai kawo maganar waya ba.

Abin da ya sa wannan labari yake kama mutum ko a ina yake shi ne ya taɓo tsoron da ya girmi silima. Likitoci sun san wata larura da Joseph Capgras, wani likitan Faransa, ya bayyana a 1923, inda mara lafiya yake rantsuwa an musanya masa miji ko ɗa da wani mai kama da shi. Mu ma da ba likitoci ba mun san jimlar nan, "wane ya zama kamar ba shi ba." Ana faɗinta a kan ɗan da ya shiga wata ƙungiya ya dawo yana kallon iyayensa kamar bai san su ba, da abokin da ya samu muƙami, da mijin da yake ci yake sha a gida amma zuciyarsa ta daɗe da tashi. Ba kowa ne ya taɓa ganin an rushe birni ba, amma da wuya a samu babban mutumin da bai taɓa zama da wani nasa ba yana neman tsohon kallon nan bai same shi ba.

Ai farfaganda ce

Zargi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma masu karatu ne suke yinsa. Suna cewa finafinan nan kayan yaƙin cacar baka ne, halittun wata duniya suna nufin 'yan gurguzu, kuma saƙon shi ne ka yi zargin maƙwabcinka, ka bi soja.

Akwai gaskiya a ciki. A The Thing from Another World, masanin kimiyyar da ya dage a yi magana da baƙon an nuna shi a matsayin wawa mai hatsari, dodon ya make shi gefe guda, sojoji ne suka yi daidai, kuma fim ɗin ya ƙare da ɗan jarida yana gargaɗin duniya ta rediyo a ci gaba da sa ido a sama. Wannan ba ya buƙatar tafsiri.

Amma a gwada wannan fassara a kan Santa Mira a ga yadda take zamewa. Mutanen kwanso ba su da addini, ba su da son kai, kowa daidai yake da kowa, to ga gurguzu. Sai dai kuma su ne hukuma, su ne 'yan sanda, su ne masu nuna mutum da yatsa a bi shi da gudu don ya ƙi zama irinsu, a daidai zamanin da kwamitin majalisa yake kiran 'yan fim yana tilasta musu ambaton sunayen abokansu, wanda ya ƙi a hana shi aiki. To ga McCarthy da mutanensa. Shi kuwa Finney ya sha cewa bai nufi siyasa ba, labari kawai ya rubuta. Farfaganda ta gaskiya ba ta barin ƙofa biyu a buɗe, kuma tana mutuwa tare da gwamnatin da ta haife ta. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, amma an sake yin wannan labari a 1978, da 1993, da 2007, kowane zamani ya zuba nasa tsoron a cikin kwanson. Na 1978, wanda aka mayar birnin San Francisco, wasu ma suna fifita shi a kan na asali, ko da yake ni ban bi su ba, domin a babban birni dama kowa baƙo ne ga kowa, musanyar ba ta yi ciwo kamar a garin da mai sayar da fetur ya san sunan kakarka ba.

Koyar da ƙyamar baƙo

Zargi na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba zan yi kamar na gama da shi ba. Idan aka shekara goma ana nuna wa yara cewa duk abin da ya zo daga waje ya zo kisa ne, me ake shukawa? Mu da aka rene mu da "baƙonka annabinka" muna da dalilin ɗaga gira. A ƙara da cewa duniyar da ake ceto a finafinan nan kusan kullum ta farar fata ce, mata kuma aikinsu dafa kofi da ƙwalla ihu. Wannan aibi ne, kuma tsufa ba ya wanke shi.

Abin da zan ce shi ne, gardamar tana cikin finafinan kansu tun a lokacin. A 1951, shekarar da aka fitar da dodon ƙanƙara, Robert Wise ya fitar da The Day the Earth Stood Still, inda baƙon ya sauka a Washington da saƙon zaman lafiya, ya sa hannu ya ciro tsarabar da ya kawo wa shugaban ƙasa, wani soja da tsoro ya kama ya harbe shi. A It Came from Outer Space na 1953, wanda aka gina a kan labarin Ray Bradbury, baƙin hatsari suka yi a hamadar Arizona, gyaran jirginsu kawai suke so su yi su tafi, mutanen gari ne suka ɗauko bindigogi. Mai kallo na wancan zamani yana jin ɓangarorin biyu a silima ɗaya.

Sannan a koma tushe. H. G. Wells, wanda ya wallafa littafin The War of the Worlds a 1898, ya faɗa ƙarara a babin farko cewa kafin a tsananta hukunci a kan halittun Mars, a tuna kisan ƙare-dangin da Turawa 'yan ci-rani suka yi wa mutanen Tasmaniya, wani tsibiri a kudu da Ostireliya, cikin shekara hamsin. Ya ɗauki Ingila, wadda take kan ganiyar mulkin mallaka, ya sa ta ɗanɗani abin da take ɗanɗana wa wasu: baƙi su sauka ba sallama, da makamin da ba ka taɓa gani ba, jarumtarka ta zama banza. Shekara biyar bayan fitowar littafin, a 1903, sojojin Gwamna Lugga suka tunkari ganuwar Kano da igwa, suka tarbi dawakan Sakkwato da bindiga mai ruwa. Fim ɗin 1953 ya mayar da labarin Kalifoniya ya kuma share maganar Tasmaniya, amma ƙashin bayan yana nan. Idan na kalli mutum ukun nan da farin ƙyallensu, ba na jin ana koya mini ƙin baƙo. Ina ganin masu ƙarfi ne suke mafarkin ranar da za su zama marasa ƙarfi, kuma a cikin mafarkin abin da ya cece su ba dabararsu ba ce, ƙwayoyin cuta ne da jikin maharan bai saba da su ba.

To na yanzu fa?

Ba na cikin masu cewa duk abin da aka yi bayan zamaninsu lalacewa ne. The Thing na John Carpenter, wanda ya fito a 1982, ya koma ainihin labarin John W. Campbell na 1938 da aka ɗauko na 1951 daga cikinsa, inda halittar take kwaikwayon duk wanda ta cinye, ya nuna jini da tsoka yadda na 1951 ba zai iya ba. Duk da haka wurin da kowa yake tunawa shi ne inda aka ɗaure mutane a kujera a sansanin Antaktika, aka ɗebi jinin kowa a ɗan faranti, ana ɗosana masa waya mai zafi ɗaya bayan ɗaya don a ga na wa zai yi tsalle. Tambayar Wilma ce aka sake yi da kayan aiki masu tsada. Abin lura, fim ɗin ya fito mako biyu bayan E.T., mai baƙo ɗan lele, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, sai bayan shekaru aka dawo ana yabonsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne layin da Independence Day na 1996 ya shahara da shi, inda ake tarwatsa fadar White House a cikin daƙiƙa kaɗan, 'yan kallo su yi tafi. Wannan kallon wasan wuta ne. Miliyoyi suna mutuwa a gefen hoto, babu wanda ka san sunansa, ka fito kana jin yunwa. Da kwamfuta ta sa komai ya yiwu, sai masu fim da yawa suka daina tambayar kansu abin da ya kamata a ɓoye. Talaucin kayan aiki ya tilasta wa na da yin tunani, kuma tunanin ne ya rage bayan rigar robar ta tsufa.

Akwai wani abu game da fim ɗin 1956 da na gaya wa ɗan yayata daren da zai koma makaranta. Yadda Siegel ya so ya ƙare shi ne da likitan a tsakiyar babbar hanya cikin dare, shi kaɗai ya rage, Becky ma ta yi barci na ɗan lokaci ta farka ba ita ba, yana dukan gilasan motoci yana ihu, direbobi suna zaginsa suna cewa maye ne, ya leƙa bayan wata babbar mota ya ga ta cika da kwanso za a kai birni, sannan ya juyo ya kalli 'yan kallo ya ce saura ku. Kamfanin Allied Artists ya ga abin ya yi duhu da yawa, ya sa aka ƙara farko da ƙarshe a wani asibiti, inda daga baya aka gaskata shi aka ɗaga waya ana kiran hukumar FBI. Yaron ya ce in mayar masa da wurin, na mayar, kuma da likitan ya juyo ya kalle mu, shi da kansa ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar kafin a koma asibitin.